Koya wa kwamfuta dangi da gado: kundin aiki

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Na buɗe fayil na farko a Protégé, manhajar gina ontoloji. Abin da nake son ginawa ontoloji ne na dangantaka: a shigar wa kwamfuta wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wace ce ta shayar da wa, ita kuma ta fitar da sauran da kanta. Ta san kawu, ta san taubashi, ta san wanda aure ya haramta tsakaninsu, daga ƙarshe ta san wanda zai ci gado da wanda aka katange. Tun 1993 Tom Gruber ya bayyana ontoloji da cewa fayyataccen fasali ne na yadda aka fahimci wani fage. A aikace abu uku ne: azuzuwa (Mutum, Namiji, Mace), alaƙoƙi (yanaDaUwa, yanaDaUba), da ƙa'idojin da ke ɗaure su. Harshen rubutun OWL 2 ne, wanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a 2009. Injin istinbaɗi kuwa, wato mai fitar da hukunci daga ƙa'idojin, HermiT ne, na mutanen Jami'ar Oxford, tunda yana zuwa tare da Protégé.

Kafin in taɓa komai na rubuta tambayoyin da dole aikin ya amsa, kamar yadda Grüninger da Fox suka ba da shawara a 1995. Su wane ne baffannin wane? Wannan yarinyar muharramar wancan ce? Mutum ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya mata uku da shaƙiƙi ɗaya, wa ke da rabo? Duk ajin da babu tambayar da ke buƙatarsa ba zai shiga ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Azuzuwa da alaƙoƙin tushe. Namiji da Mace ba sa haɗuwa a mutum ɗaya. yanaDaUwa da yanaDaUba kowacce mai ƙwaya ɗaya ce, wato ba a uwa biyu ko uba biyu. Kowane mutum lamba na ba shi, M001, M002, sunansa kuma yana cikin rdfs:label, gurbin laƙabi, da alamar @ha ta Hausa. A gidanmu kaɗai A'isha ta fi biyar, suna ba zai raba su ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Wunin gidan Gwaggo, ita ce ma'ajiyar tarihin gidan. Na je da takarda da biro, ta zaunar da ni ta ce, “To ɗan nan, yau kuma kwamfutar ce ke son sanin danginta?” Daga kakan babanmu muka faro. Ɗan farinta da marigayi mijinta ba ta ambaci sunansu ba saboda alkunya, sai da jikarta ta cike mini gurbin. Na dawo da mutum 46. Kuɗin mota da tsarabar goro ₦4,500.

Laraba, 15 ga Janairu

Sarƙar alaƙa. A OWL 2 ana iya cewa in ka bi alaƙa ta ɗaya, ka ɗora da ta biyu, to ta uku ta tabbata. Kawu shi ne ka bi uwa, ka ɗora da ɗan'uwanta namiji. Baffa ka bi uba, ka ɗora da ɗan'uwansa namiji. Gwaggo da inna haka ta ɓangaren mata. 'Yan'uwantakar kanta sarƙa ce: ka hau zuwa uba, ka sauko zuwa 'ya'yansa. Don tace jinsi a cikin sarƙa na yi dabarar nan ta mayar da aji alaƙa, inda kowane namiji ke da wata alaƙa da ke komawa kansa ta hanyar Self, sai a saka ta a ƙarshen sarƙar.

Na kunna HermiT. Kawunnai sun fito daidai, gwaggwanni daidai. A jerin baffannina kuwa mutum na farko babana ne. A jerin innonina ga mahaifiyata.

Dalilin a fili yake da zarar ka bi sawun. In ka hau zuwa uba ka sauko zuwa 'ya'yansa, kai ma kana cikinsu, don haka kowa ɗan'uwan kansa ne. Babana namiji ne kuma ɗan'uwan babana ne, ya zama baffa. Kawu ya tsira ne kawai saboda uwa ba namiji ba ce, tacewar jinsi ta fitar da ita. Na so in ce alaƙar 'yan'uwantaka ba ta komawa kan mai ita, HermiT ya ƙi ko tashi. OWL 2 DL ya hana a ɗora irin wannan sharaɗi, ko iyakance adadi, a kan alaƙar da aka samo daga sarƙa. Ba mugunta ba ce. Da an bari, da akwai tambayoyin da injin zai yi ta juyawa a kansu har abada bai ba da amsa ba, kuma waɗanda suka tsara harshen sun zaɓi tabbacin amsa a kan yalwar magana.

Abin da ya ba ni dariya, taubasai sun fito tsaf ba gyara. Ɗan mace da ɗan namiji ne, hanyarsu ta kawu da gwaggo take bi, kuma can ne babu matsalar.

Juma'a, 17 ga Janairu

Babu wuta tun jiya. Man janareta ₦6,000. Karatu kawai na yi, na bi darasin Robert Stevens na Manchester a kan tarihin iyali, inda shi ma 'yan'uwantaka ce ta fi ba shi wahala.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na cire 'yan'uwantaka daga sarƙa na mayar da ita dokar SWRL, harshen dokokin “in kaza, to kaza” da ake ɗorawa a kan OWL: in x da y ubansu ɗaya, kuma x daban yake da y, to 'yan'uwa ne. Dama dole in zo nan, domin shaƙiƙi na buƙatar alaƙa biyu su haɗu a lokaci guda, uba ɗaya kuma uwa ɗaya, OWL 2 kuma ba shi da hanyar haɗa alaƙoƙi haka. Li'abi: uba ɗaya, uwaye daban. Li'ummi: uwa ɗaya, ubanni daban.

Da farko dokar ba ta fitar da kowa ba. Injin bai ɗauki M007 da M008 a matsayin mutum biyu don lambarsu ta bambanta ba, sai an gaya masa. Na sa AllDifferent, ƙa'idar da ke cewa kowa daban yake da kowa, a kan kowa, aka samu amsa. Wani abu da na yaba: akwai wani kakanmu da Gwaggo ba ta tuna ɗakin da ya fito ba. Injin ya ce ɗan'uwa ne ta uba, ya ƙi cewa shaƙiƙi, ya ƙi cewa li'abi. A gado wannan bambancin ba ƙarami ba ne, tunda shaƙiƙi yana katange li'abi.

Gargaɗi ga mai bin wannan hanya: takardun HermiT da kansu sun ce in ka sa alaƙar da ta fito daga sarƙa a cikin sharaɗin doka, amsa na iya zuwa a tauye. Na tsare dokokina a kan alaƙoƙin tushe kaɗai.

Talata, 21 ga Janairu

Na shigar da bayanan reshen Zariya da wani ɗan baffana ya turo ta WhatsApp. Mutum 240 yanzu.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ranar ciwon kai. Ban riga na faɗaɗa AllDifferent ya rufe sababbin mutanen ba, na kunna injin don in ga yadda za ta kaya. Bai yi ƙorafi ba. Amma da na duba wani baffa, sai na ga kwamfuta ta aura masa ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yansa kuma kowa taubashin kansa.

Maɓallin alamar tambaya na Protégé, wanda ke nuna ƙa'idojin da suka haifar da hukunci, shi ya kai ni tushen. Akwai yaro, M131, da aka ba wa gwaggonsa riƙo tun yaye. A takardar Gwaggo uwarsa mahaifiyarsa ce. A saƙon Zariya uwarsa gwaggon ce, domin haka kowa ke faɗa a can, shi ma Inna yake ce mata. Ni na ce uwa ɗaya ce tak. Injin ya ga sunaye biyu, bai ga inda aka ce mata biyu ne ba, sai ya yanke cewa mace ɗaya ce mai lamba biyu, ya narkar da su. Daga nan matar baffa ta zama 'yar'uwarsa. Hukuncin daidai yake bisa abin da aka ba shi, shi ya sa ba ya yin ja, launin da Protégé ke nuna cin karo da shi.

Na ƙirƙiri alaƙar yanaDaMariƙiya, ba ta ƙarƙashin uwa, ba ta jawo gado ko muharramci. Da na faɗaɗa AllDifferent kafin gyaran, nan take komai ya yi ja, ontoloji ya ci karo da kansa. Jan ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba. Kuskuren da ya yi ihu ana kama shi, wanda ya shige shiru kuwa sai ya je ya raba dukiya.

Litinin, 27 ga Janairu

AllDifferent a kan mutum 240 na nufin tagwayen bambanci 28,680. Kwamfutar ta fara nishi, Java, wadda Protégé ke gudana a kanta, ta ce wuri ya ƙare. Na gwada ELK, wani injin istinbaɗi, wanda ke jera SNOMED CT, ontolojin likitanci mai ma'anoni sama da 300,000, cikin daƙiƙu. Ya gama kafin in ɗaga kofin shayi, amma rabin amsoshin babu, saboda tsarin EL, yankin OWL 2 da ELK ke aiki da shi, bai san juyayyar alaƙa ba, bai san ƙwaya ɗaya ba. Saurinsa daga abin da ya ƙi ɗauka yake. Na koma HermiT. Na je titin Beirut na ƙaro RAM mai 8GB na hannu, ₦17,000 har da ladan mai sawa, na ɗaga wa Java rabonta.

Alhamis, 30 ga Janairu

Aure. Da alaƙa ce kai tsaye, wane yanaDaMata wance, da iyakar huɗu. Wani kakanmu ya yi aure shida a rayuwarsa, bai taɓa haɗa fiye da uku ba. Alaƙa kai tsaye ba ta da wurin rubuta yaushe. Na mayar da Aure aji mai zaman kansa, kowane aure abu ne da ke da miji, mata, farawa, ƙarewa, dalilin ƙarewa, da ko an tare. Wannan shi ne salon da W3C ta bayyana a 2006 don alaƙa mai ɓangarori da yawa. Fayil ya yi ƙiba, amma ba makawa: matar da aka yi wa saki na kome tana cikin idda tana gado, wadda aka saka ta gama idda a lafiyar miji ba ta yi. Kishiya kuma na buƙatar a ga aure biyu sun haɗu a lokaci, kwatanta shekaru kuwa ba aikin HermiT ba ne. Na bar wa SPARQL, harshen yi wa bayanan tambaya.

Talata, 4 ga Fabrairu

Muharramai, bisa aya ta 23 ta Suratun Nisa'i. Na jini sun tafi lafiya da sarƙoƙin da ake da su. Na surukuta sun nuna amfanin gyaran ranar Alhamis: uwar mata tana haramta da ɗaura aure kawai, agola mace sai an tare da uwarta, ƙanwar mata kuma haramcinta na lokaci ne, yana faɗuwa in auren ya ƙare. Alaƙoƙi biyu na yi, ta har abada da ta wucin gadi.

Shayarwa ce ta ci mini dare. In na sa uwar shayarwa ƙarƙashin uwa, yaro zai gaji wadda ba ya gado. Sai na gina wata alaƙa a sama, uwa ta fuskar muharramci, uwar jini da ta nono duka suna ƙarƙashinta, gado kuma ta jini kaɗai yake kallo. Sannan haramcin ba ya yaɗuwa ta kowane ɓangare daidai. Wanda ya sha nonon shi ke shiga gidan, mijin mai shayarwar ya zama ubansa, 'ya'yansu 'yan'uwansa. Amma yayansa na jini da bai sha ba yana iya auren 'yar gidan. Duk sarƙar da ta bi ta ɗan'uwan jini sannan ta shiga nono, na cire ta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Biki. Ban taɓa aiki ba. Data ta wata ₦8,000.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na shiga gado, na ci karo da bangon da tun farko nake hangowa. Gwaji mai sauƙi: mamaci ya bar 'ya'ya mata biyu da shaƙiƙi ɗaya, ba ɗa namiji, ba uba. 'Ya'yan na da biyu bisa uku, saura na shaƙiƙi. Na rubuta ajin mamacin da ba shi da ɗa namiji. Na kunna. Ajin wayam.

OWL na tafiya ne a kan ƙa'idar buɗaɗɗiyar duniya. Abin da ba a faɗa ba, ba ƙarya ba ne, ba a sani ba ne kawai. Mu muna cewa shiru ma amsa ce, wurin wannan injin shiru ba komai ba ne. Na rubuta 'ya'ya mata biyu, shi kuma yana cewa ta yiwu akwai na uku a wani gari da ba a shigar ba. Ga intanet, inda aka tsara harshen don bayanai su zo daga ko'ina gutsure-gutsure, wannan hankali ne. Hujjarsa mai hawa ce kawai: sabon bayani ba ya rushe tsohon hukunci. Gado kuwa akasin haka yake. Ɗa namiji guda ya bayyana, shaƙiƙi ya tashi daga mai rabo ya koma ba ko sisi. Kusan duk babin katangewa a kan “babu” aka gina shi: babu ɗa, babu ɗan ɗa, babu uba.

Magani na farko shi ne in rufe da hannu, in ce 'ya'yan wannan mamaci su ne M052 da M053, ba wani. Ya yi aiki. Amma ɗan ɗa ma yana katange shaƙiƙi, komai nisan gangarowarsa ta maza, ke nan in akwai ɗan da ya riga ubansa rasuwa sai an rufe nasa 'ya'yan su ma. Owlready2, tarin kayan aikin harshen Python na Jean-Baptiste Lamy, yana da close_world da ke yin wannan rufewar da kansa. Na gwada a kan kwafi. Ya rufe har reshen da ya koma Maraɗi shekaru da yawa, wanda ba mu da labarin haihuwarsu, ya mayar da su duka marasa 'ya'ya. Na share kwafin.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Bayan la'asar na kai wa malaminmu na unguwa matsalar, wanda muke karatun Risala a wurinsa. Na ce, “Allah gafarta Malam, injin ya ƙi yarda mutum ba shi da ɗa sai an ce masa ba shi da shi.” Ya yi murmushi ya ce, “To ai injin naka ya fi wasu magada hankali. Kai ka taɓa ganin alƙali ya raba gado don an kawo masa jerin sunaye?” Ya tuna mini cewa sai shaidu sun tsaya sun ce waɗannan ne magada kuma ba su san wani ba bayansu. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya in matar mamaci na da ciki, rabon ma dakatar da shi ake yi har ta haihu.

Wannan ya sauya mini tsarin gaba ɗaya. Rufe duniya ba aikin manhaja ba ne, shaida ce, kuma shaida tana da mai ita. Na ƙara aji, TabbatarDaMagada, yana ɗauke da mamacin, jerin sunayen, ranar da aka tabbatar, da wanda ya tabbatar. Sai in wannan yana nan shirin Python zai rubuta ƙa'idar rufewa, kuma ga mamacin nan kaɗai. In akwai ciki ko magajin da ya ɓace, ba ya rufewa, amsarsa “a dakata”. A ganina duk mai gina irin wannan da SQL, harshen rumbun bayanai na tebura, inda rashin layi a tebur ke nufin babu, yana yin wannan rufewar ne ba tare da ya san ya yi ba, kuma ba wanda zai sa masa hannu.

Litinin, 17 ga Fabrairu

SHACL, harshen duba sahihancin bayanai wanda ya fito a 2017, na sa shi a bakin ƙofa da manhajar pySHACL. Shi ba ya istinbaɗi, dubawa yake yi: uwa biyu, aure ba mata, yaron da ya girmi ubansa. Da na sake ba shi tsohon saƙon Zariya, ya kama M131 tun kafin HermiT ya gan shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Katangewa. Tsarin da ya fara zuwa mini shi ne a cire katangagge daga lissafi baki ɗaya, amma mas'ala ɗaya ta hana. Mamaci ya bar uba, uwa da 'yan'uwa biyu. Uba ya katange 'yan'uwan, ba su da komai, amma samuwarsu ta sauko da uwa daga ɗaya bisa uku zuwa ɗaya bisa shida. Ke nan katangagge aji ne da ake shiga, ba sharewa ba. Kaka na wajen uba kuma na ware shi a fayil daban da ake jawowa da owl:imports, domin a wurin Imam Malik yana tarayya da 'yan'uwa, a wurin Abu Hanifa yana katange su. Tushen dangantaka ɗaya, hukuncin mazhaba a samansa.

Lissafin kansa ba na OWL ba ne. Injin ya faɗi waye magaji da matsayinsa, Python ta raba da fractions, kayanta na lissafin kaso. Na gwada Minbariyya: mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Asali 24 ya yi auli, wato ya ƙaru don rabonnin sun zarce shi, zuwa 27, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Ya fito.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na buga mas'aloli 30 a takarda na kai wa Malam, ₦1,500. Ya ce zai duba su da nasa lissafin ba tare da ya kalli amsar kwamfuta ba, sannan mu kwatanta. Jimillar kashewa zuwa yau ₦37,000. Azumi ya ƙarato, aikin zai koma bayan tarawihi. Abin da ke gaba: kakanni mata, da mas'alolin gado biyu da ake kira Mushtaraka da Akdariyya, waɗanda nake zaton dokar musamman kowacce za ta buƙata. Sai munasakha, inda magaji ke rasuwa kafin a raba, wanda ke nufin tabbatarwa biyu, ɗaya a cikin ɗaya. HermiT kuma yana ɗaukar kusan minti huɗu a kan cikakken fayil, don haka zan gwada yanko dangin mamaci kaɗai da SPARQL kafin a ba shi, in kuma gwada Openllet, wani injin istinbaɗi, a kan yankin in ga wanne ya fi sauri.